Wanda Ya Danne Rahoton Ciwon Shanu

An yi wani mutum a nan garin namu na Potiskum, ɗan unguwar Hausari. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ya riga mu gidan gaskiya, kuma shi da bakinsa ya ce in ba da labarinsa bayan ransa, amma in sakaya sunan. Ma'aikacin gwamnatin jiha ne, mataimakin darakta a wata ma'aikata a Damaturu. Litinin da sassafe ya hau hanya, Juma'a ya dawo wurin iyalinsa. Sallar jam'i ba ta wuce shi. Ba a taɓa jin ya karɓi cin hanci ba. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya manta raini.

Ya 'yan uwa, da yawanmu idan an ce gwamnati, gwamna kaɗai muke hangowa. Ba haka abin yake ba. 'Yan majalisar da muka zaɓa su ke yin doka. Gwamna da kwamishinoninsa su zartar. Ƙarƙashin kowane kwamishina akwai babban sakatare, ƙarƙashinsa daraktoci da mataimakansu, har a gangaro kan jami'in da ke ofishin shiyya, wanda shi ne yake ganin talaka ido da ido. Kukan talaka ba ya tashi sama ya faɗa kunnen gwamna. Rubuta shi ake yi, a sa a fayil, ya bi tebur-tebur, kowa ya sa hannu ya miƙa gaba. Ƙa'idar aiki kuma ta hana ƙaramin ma'aikaci tsallake na gaba da shi. To, idan tebur ɗaya ya riƙe fayil fa?

Akwai wani likitan dabbobi a ofishin shiyya, Dakta Zainulabidin, mutum mai ƙwazo, wanda duk rahotonsa ta teburin mutumin nan yake bi. Wata rana a taron ma'aikata, gaban babban sakatare, mutumin nan ya lissafa ƙauyukan da aka yi wa shanunsu allura. Dakta ya ɗaga hannu ya ce akwai ƙauyuka huɗu a ciki da ba a kai gare su ba tukuna. Gaskiya ya faɗa, cikin ladabi kuma ya faɗe ta. Babban sakatare ya ce a gyara, aka wuce wurin. Kowa ya manta. Shi bai manta ba.

Da damina ta kama, ciwon huhun shanu ya ɓulla a rugage uku ta wajen Damagum. Dakta ya je ya gani da idonsa. Ya rubuta rahoto, yana roƙon kwamishina ya ba da izini a fito da allurar rigakafi, a kuma tsayar da shanun rugagen nan kada su shigo kara, wato kasuwar shanu, ranar Laraba su cuɗanya da na sauran jama'a. Saboda gaggawa bai bi ta ofishin rajista ba, inda ake buga hatimi a rubuta cewa takarda ta iso. Mota ya shiga, ya kai wa mutumin nan hannu da hannu.

Mutumin nan ya karanta. Ya fahimci komai. Ya buɗe durowa ya sa fayil ɗin, ya rufe. A ransa ya ce mako ɗaya kawai, yaron nan ya san akwai na gaba da shi.

Mako ya cika, Dakta ya buga waya. Mutumin nan ya ce masa, "Gwamnati ba ta gudu, Dakta. Fayil ɗinka yana ofishin babban sakatare."

Kun ji ƙaryar farko. Daga ranar da ya yi ta, fito da fayil ɗin ya zama tonon asirinsa. Mako ɗaya ya koma shida.

Laraba shida ke nan, ya 'yan uwa. Kun san abin da Laraba take a garin nan. Shanu masu ciwo suka shigo kara, aka saye su, aka kai su garke-garke. Wani makiyayi, Bubayaro, dattijo mai shanu saba'in da 'yan kai, gadon mahaifinsa da wahalar shekara arba'in, ya tsaya yana kallo suna tari suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka rage masa. Ba shi kaɗai ba ne, amma shi na sani.

Da kuka ya yi yawa, wani ɗan majalisa ya gabatar da ƙudiri a zauren majalisar dokoki, aka kafa kwamiti. Kwamiti ya kira kwamishina, kwamishina ya juya ga babban sakatare, babban sakatare ya ce rahoto bai taɓa zuwa teburinsa ba. Aka duba littafin rajista, babu. Aka kira Dakta, ya ce ga wanda ya ba. Aka kira mutumin nan.

Nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa ta ƙarshe mai sauƙi. Kalma uku ta ishe shi: ni na riƙe. Amma kafin ranar zaman, ya ɗauko fayil ɗin ya kawo gida, ya cusa shi cikin sharar da ake ƙonawa a bayan gida. A gaban kwamiti ya rantse da Allah bai taɓa ganinsa ba. Dattijo ne mai shekara talatin a aiki, wa zai ƙaryata shi? Hukumar ma'aikata ta kori Dakta Zainulabidin bisa sakaci. Shi kuwa ya yi ritaya da mutuncinsa, har da liyafar ban kwana.

Za ku ce ya tsira. Ya tsira daga wa?

Ya dawo Hausari da zama. Matarsa, Hajiya Murjanatu, ta rasa gane kansa. Nama ya daina shiga bakinsa, fura da nono ko ƙamshinta ba ya so. Ranar Laraba, idan manyan motocin shanu suna wucewa, sai ya shige ɗaki ya rufe taga. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Asibiti suka auna, ba su ga komai ba.

Wata Laraba ya daure ya tafi kara, ya nemi Bubayaro. Ya same shi yana jan igiyar bijimin wani, aikin da yake ci da shi yanzu. Bubayaro bai san shi ba. Ya shimfiɗa masa buhu a inuwa, ya ba shi ruwa. Mutumin nan ya yi masa jaje.

Bubayaro ya ce, "Alhaji, wanda ya ba ni shi ya karɓa, ban yi fushi da Shi ba. Amma likitan nan da ya zo ya ga shanuna suna tari, ya tafi ya yi shiru, shi kam kowace sallah ina kai ƙararsa."

Mutumin nan ya tashi. Daga can wurina ya zo, ya faɗa mini duk abin da na faɗa muku. Ya ce, "Malam, na yi istigfari har harshena ya gaji. Me ya sa ban samu sauƙi ba?"

Na ce masa laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka nadama tana wanke shi. Wannan kuwa hakkin bayi ne. Ka je wurin Dakta, ka je wurin Bubayaro, ka rubuta wa hukumar ma'aikata gaskiya da hannunka.

Ya ce, "'Ya'yana fa, Malam? Da wane ido za su fita?" Ya ce in ba shi lokaci, bayan Sallah zai yi. Ya ce in ajali ya riga shi, in faɗa a madadinsa.

Saura kwana tara Sallah ya faɗi yana alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye. Cikin masu zuwa dubiya har da Dakta Zainulabidin, wanda yanzu ɗan shagon maganin dabbobi yake riƙewa a unguwar Bolewa. Ya san mutumin nan ya yi masa rantsuwar ƙarya, amma ya zo. Ina zaune a wurin. Dakta ya riƙe hannunsa ya ce, "Yallaɓai, Allah ya ba ka lafiya." Mutumin nan ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Babu abin da ya fito sai gurnani da yawu. Hawaye na gangara cikin kunnensa. Bayan kwana goma sha ɗaya muka kai shi makwancinsa.

Na cika alkawari. Na rubuta wa hukuma, na je wurin Bubayaro na faɗa masa, ya ce a kai shi ya nemi gafarar likita. Na faɗa wa Dakta komai. Ya ce, "Malam, abin da ya yi mini na yafe. Amma shanun mutane ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe su." Mutanen nan kuwa, wasu sun yi ƙaura zuwa inda ba mu sani ba, wasu sun mutu. Wa zai tattaro su ya nema masa yafiya?

Ya 'yan uwa, a cikinku akwai masinja, akwai akawu, akwai darakta. Kujerar da kake kai amana ce, ba gadon gidanku ba ce. Takardar da ke gabanka ran wani ce, abincin wani ce. Ba sai ka ɗauki kwabo ba kafin ka zama azzalumi. Jinkirin da ka yi da gangan ya isa. Wanda ya ɓata maka rai, ka same shi ku yi ta ta ƙare, kada ka rama a kan talakan da bai san ma kuna yi ba. In kuwa ka riga ka zalunta, ka tashi yau, tun harshenka yana motsi.

Allah ya gafarta masa, ya biya waɗanda ya cuta daga taskarsa. Allah ya raba mu da riƙo da girman kai, ya ba mu ikon sauke hakkin mutane kafin a sauke mu a kabari. Allah ya kiyaye mu. Amin.