Jirgin Si Munji a Bakin Shingenmu

Lutfi, Siham, Nizar, ku ajiye abin da ke hannunku ku karanta wannan har ƙarshe. Kada wanda ya kira ni a waya sai ya gama. In na buɗe baki zagi zan yi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Akwai wani mutum a tsibirin nan namu na Karkanna, sunansa Si Munji. Kun san gidansu, shi ne wanda ya shiga tsakaninmu da teku. Tun yana saurayi ya haye birnin Safakis, ya yi aikin ofis a wani kamfanin jiragen dakon kaya har kansa ya yi fari. Rayuwarsa duka yana buga wa jiragen wasu hatimi, suna tafiya suna barin sa a kan kujera. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da matarsa Baya, ya ce shi ma zai gina jirginsa mai tafiya da iska, ya zaga duniya.

Ba mu ƙi shi da burinsa ba. Ranar da ya faɗi haka a wajen shan shayi, ubanku Khumais, da ake kira Rayis, wato shugaban jirgi, ya yi dariya ya ce, "Si Munji, kai da ke amai a jirgin fito tsakanin nan da Safakis, wace duniya za ka zaga?"

Ya ce, "Rayis, ku kun tsufa a ruwan da bai wuce gwiwa ba kuna ce masa teku. Ku jira ku gani."

Aka yi dariya, ubanku ma ya biya masa shayin.

Aka fara sauke katako a filin gidansu. To, kun san siririyar hanyar nan da ta ratsa gefen filin, wadda tun kakanninmu ake bi da rassan dabino zuwa bakin ruwa, a kafa shingen kifi. A ƙasarsu take, ban musa ba. Amma ubansa bai taɓa hana kowa ba, kakansa ma haka.

Wata rana matar Tahir, ɗan wan ubanku, ta wuce da damin rassa a ka, reshe ya ɗan goge gefen jirgin. Washegari sai ga magina. Kafin mako ya zagayo katangar bulo ta tashi, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo kamar kan jariri.

Ni na je da ƙafata. Na ce, "Si Munji, hanyar mutane ka toshe."

Ya ce, "Maman Lutfi, hanyar mutane ko filin ubana? Katakon nan daga ƙetare aka kawo shi. Ba kwalekwalen kamun kifi nake yi ba."

Na ce, "Kwalekwalen kamun kifin ne ya ciyar da kai har ka iya riƙe biro."

Ya ce, "Ku zagaya ta bayan masallaci mana. Tafiya ai lafiya ce."

Haka ubanku ya riƙa zagayawa, da gwiwoyin nan nasa da kuka sani, da dami a kafaɗa. Na ce mu kai ƙara, ya hana ni. Ya ce, "Shadliya, bar shi. Maƙwabci ne, kuma in ya gama ai tafiya zai yi." Mu kuwa ba abin da muke gani sai kan doguwar sandar jirgin ta saman katanga, ba abin da muke ji sai kukan inji tun safe har la'asar.

Yanzu ga abin da na ɓoye muku ranar zaman makoki, don kada ɗayanku ya ɗauki gatari.

Ranar da ciwon ya kama ubanku, a bakin ruwa ya faɗi, yana fitowa daga duba kwandunan kifi. Tahir da wasu maza suka ɗauke shi. Ta tsohuwar hanya, gidanmu ga shi nan ana gani. Suka buga ƙofar ƙarfen, Tahir yana ihu, "Si Munji, buɗe! Rayis ne ba lafiya!"

Daga ciki ya amsa musu. Ya ce, "Fenti bai bushe ba, za ku tayar mini da ƙura. Ku zagaya."

Suka zagaya.

Ban ce katanga ce ta kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare, na sani, kada wanda ya yi mini wa'azi. Amma da ransa aka ɗauko shi daga bakin ruwa, kuma a bayan masallaci ya cika, a hannun mutane, ni ina tsakar gida ina tankaɗe gari.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba ta yi mini daɗi ba. Baya ce ta fara shigowa kaina, ko takalmi babu a ƙafarta. Ita ta riƙe ni, ita ta dafa wa baƙinku kuskus, bayan kun koma ita ta riƙa kawo mini abinci har na gama takaba. Ba ta taɓa kare mijinta da kalma ɗaya ba. Shi kuwa ya zo gaisuwa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi addu'a, ya koma wajen injinsa.

To, watan jiya jirgi ya kammala. Ya sayi rago, ya aika a gaya wa maza su zo gayya, a tura jirgi ruwa kamar yadda ake yi wa kowa. Baya ta dafa abinci tukunya-tukunya. Ba wanda ya je. Ya bi su wajen shan shayi ya ce, "Jama'a, ba ku sami saƙona ba ne?"

Tahir ya ce, "Mun samu, ranka ya daɗe. Muna tsoron ƙura ne."

Wani tsoho ya ce, "Muna nan tafe, ta bayan masallaci muka biyo."

Da ya ga haka sai ya ɗauko hayar tarakta daga wani gari. Ya rushe katangarsa da kansa, don jirgin ba zai fita ta ƙofar ba. A ranar muka fara ganin abin da ya yi shekara da shekaru yana ɓoyewa. Jirgi kam kyakkyawa ne, ba zan yi ƙarya ba. Amma a gindinsa akwai wani ƙarfe mai nauyi, dogo kamar tsayuwar mutum, wai shi ke hana babbar teku kifar da shi. A ruwanmu da yara ke wasa a ciki!

Ashe ya san da haka. Lissafinsa shi ne ranar da teku ta yi babbar cika, zai bi ta kwarin nan mai zurfi ya fita. Kun kuwa san inda kwarin ya bi. Ta tsakiyar gonar ruwanmu, inda shingen ubanku yake tsaye.

Tarakta ta ja jirgin har bakin kwarin, ƙarfen ya nutse a laka, direba ya kwance igiyarsa ya tafi. Tahir ya shiga gabansa da kwalekwale ya ce, "Nan kuma ina za ka?"

Ya ce, "Rassan dabino ne kawai, a cire a mayar. Teku ai ba ta da mai ita."

Ɗan tsibirin nan ne ya faɗi wannan magana. Mutumin da aka yaye shi da kifin gonar kakansa. Zaman ofis ya mantar da shi cewa a nan ruwa gado ne kamar ƙasa, kowane yanki da mai shi, kuma ba a taɓa reshe ɗaya sai da izini. Maza suka fito da kwalekwalensu suka jera, ba wanda ya ɗaga murya. Si Munji ya juya ya koma gida.

Yau jirgin yana can kwance a gefe ɗaya, an tokare shi da kututturan dabino. Ba ya komawa da baya, gaba kuma ba hanya. Duk cikar ruwa sai ta ɗaga shi ta buga, an ce katakon ya fara buɗe baki. In bai fita da babbar cikar tsayuwar wata ba, itacen girki zai zama.

Shekaranjiya da hantsi Si Munji ya zo mini, wandonsa duk laka. Ya ce, "Maman Lutfi, ki faɗi abin da za a biya."

Na ce, "Ka ga alamar kanti a ƙofata?"

Ya ce, "Wallahi ban san abin ya kai haka ba ranar nan. Na zaci ƙafa ce ta gurɗe."

Na ce, "Da ƙafar ce fa? Mai gurɗaɗɗiyar ƙafa shi ya dace ya zagaya?"

Sai ya zauna a ƙasa, tsoho da furfurarsa, ya rufe fuska. Ya ce, "Tun ranar ban sake yin barcin kirki ba. Na ce in na tafi ƙila in samu."

Na ce, "Au, gudu ne ashe, ba zaga duniya ba."

Ban ba shi ko ruwa ba. Ku ce na yi tsauri, na ji.

Jiya Baya ta shigo da gurasa kamar kullum. Na jira ta roƙe ni, har na shirya abin da zan ce mata. Ba ta roƙa ba. Da za ta fita na ce, "Ke ba za ki ce komai ba?" Ta ce, "Me zan ce, yaya? Ni ma a cikin gidan nake ranar, na ji bugun ƙofar, na tsaya jiran ya ba ni makulli." Ta fita tana kuka. Wannan ce ta hana ni cin abinci, ba hawayen mijinta ba.

Ga yadda abin yake. In an buɗe masa, ɓangare guda na shingen zai tafi gaba ɗaya, kifin bana ya tafi da shi. Kuma shi ne shinge na ƙarshe da ubanku ya kafa da hannunsa. In ba a buɗe ba, jirgin zai farfashe a kan idon matar da ta riƙe ni ranar da ba ɗayanku a kusa. In don ta ni ce, ya ruɓe a wurin. Amma gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, gadonku ce.

Darasi: Kada ka rufe wa maƙwabci hanya don kana jin ka gama da shi. Duk nisan da kake shirin zuwa, ta ƙofar mutanenka za ka fara wucewa, kuma abin da ka faɗa musu daga bayan ƙofa suna riƙe da shi. Ku tura wa 'ya'yanku da duk wanda ya fara ganin ya fi unguwarsu. Ku ukun kuma ku haɗa baki ku yanke mini magana kafin wata ya tsaya: a cire shingen ubanku, ko a bar shi tsaye? Abin da kuka ce shi zan gaya wa Tahir, amma kada wanda ya ce mini "yadda kika ga dama, Mama."