Ranar da Akuya Ta Cinye Nomau

Dalilin da ya sa kwikwiyo yake ɗaga unguwa da haushi da zarar an ja ƙofa an bar shi shi kaɗai, ba rashin kunya ba ne, yara, ba kuma yunwa ba ce. Ku daina jifansa. An taɓa yi masa ƙarya ne, wanda ya yi masa ƙaryar kuwa mai shi ne.

A can da, lokacin da dabbobi ke magana da mutane, babu dabbar da ta kai kare shiru. Sai ka wuni da shi a gida ba ka ji ko tarinsa ba. A wannan zamani aka yi wani manomi gwauro mai suna Nomau, wanda ba abin da ya iya kamar haɗa mutum-mutumi. In ya kafa maka ɗaya a gonar gero, ba tsuntsaye kaɗai ba, har matan da ke wucewa sai sun rusuna sun gaishe shi.

Nomau ya tsinci wani kwikwiyo a bakin kududdufi, ido bai gama buɗewa ba. Ya raine shi da kunu, ya sa masa suna Barsu. Tun da Barsu ya buɗe ido bai san kowa a duniya ba sai Nomau. Gona tare, rijiya tare, ko makewayi Nomau ya shiga sai ya fito ya tarar da shi a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya.

Ana haka Nomau ya fara neman auren wata bazawara mai sayar da fura, ana ce mata Tambai. Ranar farko da ya je zance, Barsu na biye. Kafin a gama gaisuwa, gogan naku ya tsoma baki a ƙwaryar nono. Tambai ta zubar da nonon, ta dirje ƙwaryar da ƙasa, sannan ta dubi Nomau.

Ta ce, "Malam Nomau, in za ka zo, ka zo da ƙafa biyu. In ƙafafu shida ne, ka yi zamanka a gida."

Nomau ya koma ransa a jagule. Ya lallashi Barsu ya riƙa zama a gida, Barsu ya ce, "Maigida, in ka tafi ba ka dawo ba fa? Wa gare ni?" Ya gwada rufe shi, Barsu ya haƙa rami ta ƙarƙashin danga ya bi sawunsa. Da dabara ta ƙare, sai Nomau ya koma ga sana'arsa.

Ya ɗauko tsohuwar taguwarsa ta noma, wadda gumi da hayaƙi suka riga suka zama jikinta. Ya cusa mata busasshiyar ciyawa, ya ɗora duma a matsayin kai, ya kifa malfa, ya jingina abin da bango a inuwar rumfa. Ya cika Barsu da kunu har barci ya kwashe shi, sannan ya haura danga ya tafi wajen Tambai.

Barsu ya farka, ya ga Maigida zaune, malfa ta rufe fuska. Ya matso ya shinshina. Warin Maigida ne sak. Hankalinsa ya kwanta, ya ɗora haɓa a cinyar taguwa.

Ya ce, "Maigida, yau ka cika shiru. Ba komai, ni ma ba mai surutu ba ne."

Haka aka yi ta yi. Nomau ya dawo, ya faki idon Barsu ya ɓoye mutum-mutumin a rumbu, gobe ya sake fito da shi. Zance yana ta gaba, Barsu yana ta hira da ciyawa. Ni dai har yau in na tuna wannan wuri sai tausayin ɗan kwikwiyon ya kama ni, ko da ina dariya.

To, ciyawar ta fara lotsewa, cikin mutum-mutumi ya shafe. Wata ranar kasuwa Nomau yana sauri, ya ce kada Barsu ya ga Maigida ya rame ya yi zargi. Sai ya miƙa hannu kan rufin ɗaki ya ciro harawar wake, koriya shar, ya danƙara wa taguwa har ta yi tumbi. Manomi guda, wanda ya san abin da harawa take yi wa hancin akuya! Amma mai neman aure ba ya tunani da kai.

Maƙwabciyarsa, Gwaggo Delu, tana da wata akuya mai suna Kyalla, ɓarauniya ce ta gidan gaba. Ƙamshi ya kai mata, ta biyo ta ramin nan da Barsu ya haƙa, ta faɗo tsakar gida.

Barsu ya ce, "Yi a hankali, Maigida yana hutawa."

Kyalla ta ce, "Ai gaishe shi na zo yi."

Ta tura baki ta hammatar taguwa, ta jawo, ta hau tauna. Ta sake turawa, ta jawo. Barsu yana kallo tumbin Maigida yana raguwa.

Ya ce, "Kyalla, me kike ci?"

Ta ce, bakinta cike, "Maigidanka. Da an barbaɗa masa kanwa da ya fi haka daɗi."

Ta fizgi wuyan taguwa. Malfa ta faɗi, kan Maigida ya gangaro ƙasa, ya mirgina har bakin murhu. Barsu ya dubi kai a can, ya dubi jiki a nan ya zama tsumma. Mutum ɗaya gare shi a duniya, ga shi an cinye shi a gabansa yana kallo, bai ko hana ba. Wani abu ya taso masa daga ciki, ya buɗe baki don ya kira Nomau, sai wata ƙara ta fito wadda ba a taɓa jin irinta ba. Wannan shi ne haushin farko da kare ya yi.

Gwaggo Delu ta leƙo ta kan danga. Idonta dama ba ya gani sosai. Ta hango kai a bakin murhu, ga akuyarta tana lasar baki, sai ta ɗora hannu a ka ta rafka salati. Kafin a jima labari ya zaga ƙauye. Nomau yana zaune a ƙofar gidan su Tambai, ludayi a hannu, wata mata ta zo da gudu ba ta ko dube shi ba.

Ta ce, "Tambai, sai haƙuri! Akuyar Delu ta cinye Nomau, kai kawai ta bari!"

Nomau ya yar da ludayi ya zura da gudu, Tambai na bin sa. Ya tarar da gidansa cike da masu zaman makokinsa. Da suka gan shi, rabi suka haura danga. Barsu kaɗai bai gudu ba. Ya matso a hankali, ya shinshina ƙafa, ya shinshina gwiwa, ya ɗan ciji ƙauri don ya ga ko harawa za ta fito. Nomau ya ce, "Wayyo!" Sannan Barsu ya yarda.

Ya ce, "Maigida, wancan wane ne?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ciyawa ce, Barsu. Ka yafe mini."

"Duk hirar da na yi, da ciyawa na yi?"

Tambai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta share hawaye ta ce, "Malam Nomau, mutumin da aka yi wa irin wannan kuka, ba na wasa da shi. Turo magabatanka. Amma ƙwaryata a rataye za ta zauna."

Barsu kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Na yafe, amma shiruna ya ƙare. Daga yau, duk sanda na duba ban gan ka ba, zan kira ka da wannan muryar har unguwa ta ji. In kana so in sassauta, sharaɗi biyu ne. Kada ka ƙara sulalewa ina barci, ka fita ina gani, in ga kuma ka dawo, har zuciyata ta saba. Taguwar nan kuma ka bar mini ita, ba ciyawa, ba duma. Na san ba kai ba ce, amma warinka ne."

Nomau ya ce ya ji, ya kakkaɓe taguwa ya shimfiɗa masa a inuwa.

Shi ya sa har yau, in kuka ja ƙofa, kwikwiyo sai ya ɗaga murya, in kuka dawo sai ya bi ku da hanci daga ƙafa zuwa gwiwa, in ya ga akuya kuma ba sa shan inuwa ɗaya. Gobe in za ku makaranta, kada ku sulale. Ku shimfiɗa masa tsohuwar riga, ku fita yana gani. In kuka ji ya kira duk da haka, kada ku zage shi. Tambaya yake yi ko kuna nan da ranku.