Dutsen Teku a Tafkin Inna Larai

A unguwar Karantina ta Jidda, zamanin da ake sayen ruwan sha a wajen masu jakuna, an yi wani magini mai suna Na'ibi. Gwani ne, wannan babu musu. Aibinsa ɗaya: ka ba shi shawara, kamar ka zage shi.

Mahaifiyarsa, Inna Larai, a bakin kogi ta girma can Sudan, ga shi ƙafa ta ƙi, kullum tana zaune tana begen ruwa. Wata rana ƙanin Na'ibi, Usuman, mai aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya zo mata da wasu kifayen ado masu ja da fari, waɗanda wani matuƙin jirgi ɗan Japan ya ba shi. Aka zuba su a babban daro. Tsohuwa ta samu abokan hira, har sunaye ta raɗa musu.

Na'ibi ya ce daro ya yi musu kaɗan, tafki zai gina a bayan gida. Ya kawo dutsen teku, irin wanda ake ginin Jidda da shi, da yashin bakin teku da farar ƙasa.

Usuman ya ce, "Yaya, mai jirgin ya ce kifin ruwan daɗi ne. A nemo dutsen tudu da yashin kwari, a kuma bar ginin ya sha ruwa kafin a sa su."

Na'ibi ya yi tsaki. "Kai ɗan dako, ni za ka koya wa gini? Dutsen nan daga gidan kifi aka sare shi. Halas, na gama magana."

Gini ya yi kyau kuwa. Yana bushewa ya cika shi, ya juye kifayen, ya zubar da ruwan daron. Aka ɗauko Inna aka zaunar da ita a gefe, tana ta sa masa albarka.

Kashegari da hantsi ruwan ya yi fari kamar tsararo. Gishiri da farar ƙasa sun fito daga jikin ginin, kifayen sun taso sama suna haki.

"Na'ibi, ka yi wani abu mana," in ji Inna.

Ya ruga ga randa, ashe ruwan gidan kaf ya ƙare a tafkin. Usuman ya fita neman mai jaki, aka ce sai la'asar. Maƙwabta suka taimaka da abin da ke tulunansu, aka mayar da kifayen daro, amma ina, sun riga sun ƙone. Gwanin magina ya durƙusa, hannu cikin ruwa, yana ɗago wannan wancan na kifewa. Abin tausayi, babu abin da ya iya. Inna tana kiransu da sunayensu har na ƙarshe ya daina motsi.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta dubi Usuman ta ce, "Ɗauke ni ka kai ni ɗaki." Har ta rasu ba ta sake yarda an fito da ita bayan gidan ba.

Mai karatu, abin da ya riƙe bango ba lalle ya raya mai rai ba, kuma gwaninta a sana'a ba ta hana mutum tambaya. Idan aka ba ka shawara, dubi maganar, kada ka dubi ƙanƙantar mai ita. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sau da yawa kuma wanda bai ji ba bai gani ba shi ke shan hohon tare da shi.