Gizaka Ta Ƙi Aski

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso mu ji ta.

Ƙadangare ya rantse ba a taɓa wulaƙanta babban mutum kamarsa ba. Ya sayi aska, ya naɗa kansa wanzami, amma Gizaka, tsutsar nan mai gashi, ta ƙi zama.

Ya ce mata, "Ƙanwata, gashin nan ƙazanta ne. Miƙo kai, kyauta zan yi miki."

Gizaka ta ce, "Baba wanzami, ina yayata da ka aske jiya? Ban ga fitowarta daga rumfarka ba. Gashina yana nan daram."

Haushi ya kama shi, ya cafke ta haka nan zai haɗiye. Gashin ya soke masa maƙogwaro, ya tofar da ita, ta yi tafiyarta. Har yau gyaɗa kai yake, ƙaiƙayin bai sake shi ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare.