Yayin Biki Ya Koma Gammo

Akwai wata mata a Zongon Kumasi, sunanta Ruwaida, mai sayar da koko a tashar Race Course. Da kokon nan take ciyar da marayunta uku.

Gero kuwa kullum sai dai ta auno olonka ɗaya, wato mudu guda, abin da za ta dama gobe. Ka ji zaluncin talauci: mai sayen kaɗan-kaɗan shi ke saye da tsada.

Da kaka ta yi, Dramani mai hatsi ya ce mata, "Mma Ruwaida, ɗauki buhu yanzu. Damina na faɗuwa ba za ki iya taɓa shi ba."

Ta ce, "Satin nan zan kwashi susu, ajiye min ɗaya."

Ranar da ta kwashi adashin nata, sai ga yayar marigayi mijinta, Hajiya Safiyatu, da atamfa a leda. Yayi ne, wanda dangi duka za su ɗinka na bikin 'yar Hajiyar.

"Yaya, gero nake son saye. Ki yi min uzuri."

"Gero? To ki ɗaura buhun ki zo biki. Wadda ba ta sa yayi ba, ba tamu ba ce, har 'ya'yanta."

Maganar yaran ce ta karya mata zuciya. Ta miƙa kuɗin.

Bikin wuni ɗaya ne, ko hoto ba a kira ta ba.

Damina ta faɗi, gero ya yi tashin da Dramani ya faɗa. Ruwaida ta fara tsinka kokon da ruwa. Direbobi suka kurɓa suka yatsina fuska, suka koma wajen wata. Ta kai atamfar kasuwar Adum don ta sayar, aka ce rabin Zongo sun riga ta kawo irinta.

Sai ta sayar da tukunya, murhu ma ya bi. Babbar 'yarta ta bar makaranta.

Yau Ruwaida dako take yi a tashar da ta yi shekaru tana ciniki. Rannan Hajiya ta hango ta daga cikin mota, ta dubi abin da ta naɗe a kai, ta taɓe baki.

"Yayina kika yi gammo da shi? Talaka dai bai san darajar abu ba."

Ruwaida ta wuce abinta. Buhun geron wata ne a kanta, kuma yana da nauyi.

Darasi: Abin da kake kira kwalliyar wuni ɗaya, jarin wani ne na shekara. Kada ka tilasta wa mai ƙaramin ƙarfi ya sayi zumunci da abincin 'ya'yansa. Tura wa 'yan'uwa kafin a fitar da yayi na gaba.