Malam Habila da Turken da Ƙasa Ta Rufe

A wani gari an yi wani magidanci mai suna Habila, wanda ya yi shekara talatin yana awon hatsi a ma'ajiyar wani attajiri. A wannan aiki ba irin algus ɗin da bai gani ba. Ya ga mai zuba yashi a gindin buhu, ya ga mai yayyafa wa wake ruwa don ya yi nauyi, ya ga mai lotsa gindin mudu. Saboda haka ya tsufa ba ya yarda da kowa. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihunsa. In ka ce masa an yi ruwa jiya, sai ya leƙa waje ya duba ƙasa tukuna. Abin da ya fi jin daɗin faɗa a bakin coci bayan an tashi sujada shi ne, "Ni Habila, wanda zai cuce ni sai ya yi sammako." Yana faɗa yana gyara wuyan farar shaddarsa, wadda ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kanta.

Matarsa Rifkatu kuwa abu guda take roƙo a duniya. Tun aurensu a gidan haya suke, daga wannan su koma wancan. Ranar da aka ba Habila kuɗin sallamarsa daga aiki, ta zauna kusa da shi ta ce, "Baban Saratu, ni ba bene na ce ba. Ɗaki biyu ma ya isa. In dai shuka barkonona a tsakar gidan da ba mai zuwa ya ce in tumɓuke."

Ya ce, "Za ki shuka. Amma ki bar ni in bi abin nan a hankali. Cinikin fili ba cinikin tumatir ba ne, ɓarayi sun fi masu filin yawa."

Sai ya ɗauki kujerarsa ya riƙa zama kusa da rumfar dillalan filaye, yana yi kamar rediyo yake saurara, alhali kunnensa yana wurinsu. Wata uku yana wannan sintiri har ya haddace yarensu kaf. Ya san in mai saye ya yi tayi, mai fili ya ce albarka, to farashin bai yi ba, sai in ya ce ya sallama. Ya san kafin alƙalami, ɗan abin da ake fara bayarwa don a riƙe wa mutum fili. Ya san la'ada, rabon dillali. Ya san filin gado, wanda in ka saya daga hannun ɗa guda, ƙannensa tara za su ɓullo maka daga baya. Ya san jingina, filin da aka riga aka ajiye takardarsa a hannun wani. Da ya ga ya ƙoshi, sai ya kira wani dillali da ake ce wa Dogo, ya zaunar da shi kamar mai laifi a gaban alƙali.

Ya ce, "Filin nan da kake ta yabo, gado ne?"

Dogo ya ce, "Haba yallaɓai, mutum guda ne mai shi, da guminsa ya saya."

"Yana jingine a wani wuri?"

"Ko kusa."

"Takardar mallaka fa? Ta ainihi nake nufi, ba wadda kuke bugawa a bayan tasha ba."

Dogo ya dafe ƙirji ya ce, "Kai, yallaɓai! Ashe kai ma ɗan hannu ne? Shekarata ashirin a sana'ar nan, ban taɓa haɗuwa da mai saye irinka ba. Da kowa haka yake, ai da mun daina cin abinci."

Maganar nan ta yi wa Habila daɗi har cikin ƙashi, amma ya ɗaure fuska don kada a gane. Ya karɓi takardar ya ɗaga ta a rana, ya shinshina hatimin, ya lasa yatsa ya goga sa hannun ya ga ko zai goge. Bai goge ba. Ya duba zanen filin da safiyo, wato mai awon ƙasa, ya yi, da tsawo da faɗi da lambobin kusurwa huɗu. Washegari bai gaya wa kowa ba ya tafi ofishin filaye, aka buɗe babban littafi aka ce masa takarda gaskiya ce, sunan mai fili daidai, ba jingina, ba shari'a. Ya fito yana ɗan jin haushi, don ya so ya kama wani.

Sai ranar ganin fili. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Dogo ya kai shi bayan gari, ya tsayar da shi a wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ga mangwaro a tsakiya, ga hanya a gaba. A kan hanya kuwa ya riga ya raɗa masa, "Akwai wata tsohuwa a gefen, Tabita. Tana shuka gyaɗa har cikin filin nan, ba ta so a sayar. Duk wanda na kawo sai ta kore shi da surutu. Kai dai ka san irinsu."

Habila ya ce, "Na san su sarai."

Ba su daɗe ba sai ga tsohuwar ta fito daga cikin gyaɗarta da fartanya a kafaɗa. Ta gaishe su, ta dubi Dogo, ta dubi takardar da ke hannun Habila, ta ce, "Ɗana, sayen filin nan za ka yi?"

"Iya, gani dai na zo yi."

"To, ni a sanina filin nan na wani malamin makaranta ne, Ishaya, da aka yi wa canjin wurin aiki. Ban ji ya ce zai sayar ba."

Dogo ya yi dariya ya taɓa Habila da gwiwar hannu. Habila ya ce a ransa, ga ta nan kuwa, kamar yadda aka faɗa. Ku ji fa, tsohuwa da fartanya za ta koya wa mutumin da ya je har ofishin filaye sanin mai fili!

Tsohuwar ta ce, "Na ga ba ka yarda da ni ba. Ba laifi, kada ka yarda. Shi ma kada ka yarda da shi. Ga turken siminti nan a kusurwa, wanda masu awo suka kafa. Akwai lamba a kansa, ƙasa ce ta rufe. Ka durƙusa ka tone, ka gwada da lambar da ke takardarka. Ga fartanya in kana so."

Habila ya dubi turken. Kansa kawai ya ɗan leƙo daga cikin laka. Ya dubi shaddarsa, fara sol, gugar jiya. Ya dubi hanya, ga wasu mata biyu 'yan zumuntar matan coci suna wucewa, sun ma fara gaishe shi. Shi Habila, dattijon coci, a gan shi gurfane cikin taɓo yana tonon ƙasa da farce bisa umarnin mai gyaɗa? Kuma wa ya sani, watakila wani mai saye ne ya ba ta goro ta ɓata masa lokaci.

Ya sa bakin takalminsa ya ɗan shuri turken, ya ce, "Na gani, yana nan. Iya, a gaida gida."

Ta ce, "Gida zai ji." Ta koma cikin gyaɗarta.

A garin nan al'ada ce in za a sayi fili a kira mai unguwa, a kira maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa, a taka iyakar tare ƙafa da ƙafa, kowa ya ce nan nawa ya tsaya, sa'an nan a raba musu ɗan abin shaida. Rifkatu ta tuna masa da wannan. Ya ce, "Wato in tara jama'a su ji sirrina, gobe wani ya zagaya ya ƙara kuɗi ya ƙwace? Mai unguwar ma wa ya san da wa yake ci? Ke dai ki tanadi irin barkononki." Ya yi tayi, aka ce albarka, ya ƙara kaɗan, mai fili ya sallama. A ɗakin Dogo aka rubuta yarjejeniya, shaidu biyu duk Dogo ne ya kawo su. Habila ya karanta ta sau uku, har ya sa aka gyara harafi guda a sunansa, sa'an nan ya sa hannu a ƙarƙashin inda aka rubuta cewa ya ga fili da idonsa ya kuma yarda. Kuɗin sallamar shekara talatin ya tashi daga hannunsa a wuni guda.

Da damina ta ɗauke ya kawo yashi da bulo, magina suka ja igiya suka fara haƙa harsashi. Rifkatu ta riga ta zaɓi inda za ta yi lambunta, kusa da mangwaron. A rana ta uku sai ga wani mutum a kan babur, ya tsaya yana kallonsu baki buɗe. Ya ce, "Sannunku da aiki. Wane ne yake yi mini gini ban sani ba?"

Ishaya ne, malamin makarantar nan. Shi ma da takardarsa a jaka.

Habila ya yi ta faɗa, ya ce an haɗa baki da tsohuwa, ya ce takardar Ishaya ta bayan tasha ce. Mai unguwa da bai gayyata ba ya zo, maƙwabtan iyaka da bai kira ba suka zo, aka aika aka ɗauko safiyo. Safiyo bai yi doguwar magana ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya durƙusa, ya kankare kan turken da ɗan tsinke. Ƙasar ba ta fi kaurin yatsa biyu ba. Ya karanta, "Ɗari da tara." Ya duba takardar Ishaya, ɗari da tara. Ya duba ta Habila, ɗari biyu da sha shida.

Ya ce, "Baba, takardarka ba ta da aibi ko kaɗan. Fili kana da shi. Sai dai ba nan ba ne. Biyo ni."

Suka bi shi, jama'a na biye, suka gangara, suka wuce gonakin gyaɗa, suka wuce inda ake zubar da shara, har bakin wani kwazazzabo da ruwan damina ya zaftare rabinsa. Safiyo ya nuna wani turke da ya karkace a gefen ramin. Aka nemi Dogo, aka ce ya yi sati biyu da barin gari, shi da mutumin da ya sallama. Mai unguwa ya ce ko an kamo su maganar za ta yi wuya, tun da abin da takarda ta faɗa shi aka sayar, ga kuma sa hannun mai saye cewa ya gani ya yarda.

Wannan karon ba wanda ya ce wa Habila ya durƙusa. Shi da kansa ya zube a bakin ramin da farar shaddarsa, ya sa farce yana kankarar laka, ko Allah zai sa safiyo ya yi kuskure. Lambar ta fito tar, ɗari biyu da sha shida. Rifkatu tana tsaye a bayansa da ƙullin irin barkono a bakin zanenta. Ta dube shi gurfane cikin ƙasa ta ce, "Ashe ka iya durƙusawa, Baban Saratu."

To, ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Amma kafin in faɗa, ku daina waige-waige. Na san halinku. Tun ina tsakiyar labari wasunku sun riga sun gano wanda ya dace da Habila, wata ta tuna mijinta, wani ya tuna ma'ajin coci. In sha wahala in shirya muku misali, ku kuma ku ɗauka ku kai gidan maƙwabci! Wannan ɗin shi ne ciwon Habila. Ya binciki dillali, ya binciki hatimi, ya zargi mai unguwa, ya zargi tsohuwar da ta gaya masa gaskiya. Wuri guda ne bai bincika ba, inda ƙafarsa take tsaye.

Takardar mallaka ita ce shaidar da muke riƙe da ita ta bangaskiya, katin baftisma, suna a littafin ikkilisiya, kujera a gaba. Ba na jabu ba ne, gaskiya ne. Yaren dillalai shi ne kalmomin ibada da muka haddace, alheri, tuba, ceto, muna jera su ba tuntuɓe. Filin kuwa shi ne zaman da kake yi daga Litinin zuwa Asabar, a kasuwa, a wurin aiki, a cikin ɗakinka da iyalinka. Tambayar ita ce, abin da aka rubuta a takardarka, shi ne a rubuce a inda kake tsaye? Dogo shi ne muryar nan mai daɗi da take ce maka ba kamarka, ba ka bukatar dubawa. Tsohuwa Tabita ita ce duk wanda Ubangiji ya aiko ya faɗa maka abin da ba ka so ka ji, sau da yawa kuma ba ya zuwa da babbar riga. Maƙwabtan iyaka su ne 'yan'uwa masu bi, waɗanda da ka bari sun taka rayuwarka tare da kai, da sun nuna maka inda ka kauce. Farar shadda kun san ta, kowa da tasa, girman kai ne.

Ranar awo tana zuwa, Mai awon kuma ba ya karɓar goro. Ba zai tambaye ka kalma nawa ka sani ba, turke zai duba. Habila ya durƙusa daga ƙarshe, amma a bakin rami, bayan ya sa hannu. Kai naka turken yana nan kusa da ƙafarka yau, ƙasar da ta rufe shi ba ta fi yatsa biyu ba. Ka durƙusa a gaban Ubangiji ka tone tun ana iya gyara. Shadda dai wanke ta ake yi.