Rigar Giya Ta Kusa Cinye Aikin Baba Sannu

Akwai wani mai sayar da kayan gini da yake da direba ɗaya tak, dattijon da 'yan dako suke ce wa Baba Sannu saboda ba ya gudu. Shekara goma sha bakwai yana jan a-kori-kurar shagon, ko kaza bai taɓa takewa ba.

Kwatsam sai motar ta ɗauki wani hali. Ana cikin tafiya a lamba huɗu, sai sandar giya ta yi tsalle ta koma firi, inji ya yi ta kuka, mota kuwa ba ta ja.

Maigidan irin mutanen nan ne da ba sa laifi. Ko tuntuɓe ya yi, dutsen ne bai yi hankali ba. A gaban 'yan dako ya ce, "Baba, tsufa ne. Hannunka ya fara rawa, ba ka tura giyar ta zauna. Gobe mu je gareji. In aka ce giyabos lafiya yake, ka ajiye mini makulli."

Baba Sannu ya ce, "To, ranka ya daɗe." Mutum bakwai ne suke ci daga wannan makullin.

Washegari suka je wurin wani bakanike mai sanyin hali, wanda ba ya kwance abu sai ya gama tambaya. Ya duba man giya, a cike yake, babu garin ƙarfe a ciki. Ya shiga ƙarƙashi ya girgiza robobin da ke riƙe da inji da giyabos, ba wanda ya tsage. Ya taɓa ƙarafan da suka haɗa sanda da giyabos, ba lilo.

Ya fito yana goge hannu ya ce, "Nan ƙasa dai ban ga ciwo ba."

Maigida ya miƙa wa Baba hannu. "Ka ji da kunnenka. Makulli."

Bakanike ya ce, "Yallaɓai, ban ce na gama ba. Baba, ja mu mu zaga."

Suka hau titi su uku. Bakanike bai kalli hanya ba, bai kalli hannun Baba ba, sandar kawai ya zuba wa ido. Da Baba ya ja ta baya zuwa lamba huɗu, sai fatar da aka lulluɓe gindin sandar da ita ta miƙe tam kamar fatar ganga. Suna taka wani ɗan rami, fit, giya ta fita.

Bakanike ya ce, "Tsaya nan."

Ya zaro sukundireba, ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗage fatar sama. Suka koma ta kan ramin nan har sau uku, giya ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Rigar nan ce ta yi wa sanda kaɗan, ita ke janyo ta. Wa ya sa aka ɗinka ta haka?"

Sati uku da suka wuce Maigida ne da kansa ya kai motar wurin mai ɗinkin kujeru, ya zaɓi jar fata, ya tsaya a kansa yana cewa a ɗame ta sosai, shi ba ya son tattara. Tun a ranar Baba ya ce sandar ta yi nauyi, aka ce masa ya ji da tuƙinsa.

Ni dai a nan Maigida ya burge ni, don bai nemi mafita ba. Da suka koma shago ya tara 'yan dakon nan ya ce, "A gabanku na ci mutuncin Baba, a gabanku zan ba shi haƙuri. Laifina ne. Baba, ka yafe mini."

Dattijon ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe. Ba korar ce ta fi yi mini ciwo ba. Tun jiya in na zauna sai in ɗaga hannun nan in yi ta kallonsa, ina jira in ga ko yana rawa. Har na fara yarda da kai."

Maigida ya sunkuyar da kai.

Darasi: Kafin ka ɗora wa na ƙasa da kai laifi, ka fara bincika abin da hannunka ya taɓa. Zargin babba yana da nauyi, yana iya sa mai gaskiya ya fara shakkar kansa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wani Baba Sannu da ake shirin karɓe wa makulli.